Kowa Ya Zo da Tiyarsa

Shekara talatin na yi ina aikin malamin gona. Da na ajiye aiki, maimakon in nemi inuwa in zauna kamar sauran tsofaffi, sai na jajibo wa kaina wata wahalar. Na ce sai ƙauyukanmu sun daina jiran iri daga birni. Kowace damina haka ake yi: ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, manomi yana tsaye bakin titi yana jiran a kawo masa abin da kakansa yake ajiyewa a rumbu. Abin nan yana ƙona min rai.

Shawarata ba ta da wuya. Kowane gari ya gina rumbun iri guda, bayan kaka kowa ya zuba tiya ɗaya, lokacin shuka a ɗiba. Na yi ta yawo a tsohon babur ɗina, yau Darki gobe Dagumawa, ina magana har maƙogwaro ya bushe. A ce min, "Wallahi gaskiya ne, Malam," a rako ni bakin hanya, shi ke nan. Maiɗakina ta ce babur ɗin ya fi ni hankali, don shi wani lokacin yakan ƙi tashi.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata dawa ce, ja, mai gajeren kara, wadda take nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ina yaro kusan kowace gona akwai ta. Na neme ta har na gaji, sai aka ce min a wani ƙauye bayan Utai akwai wata tsohuwa da take shuka ta a bayan gida, kuma ita kaɗai ta rage. Na je na gaishe ta, ta nuna min 'yan zangarniyoyi rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya turara su.

"Iya, wannan dawar ita za ta fara shiga rumbunmu," na ce mata.

"To, ɗan nan, Allah Ya kai mu."

Da na roƙe ta zangarniya biyu a ranar, da ta ba ni. Amma ni ina so a yi abin a bainar jama'a, kowa ya gani ya yi koyi.

Mai unguwar ƙauyensu Iya ya yarda a yi taro ranar Asabar da hantsi. Ya tambaye ni abin da mai shela zai faɗa. Na ce, "Ya ce za a yi taron iri, kowa ya zo da tiyarsa."

Ban taɓa tara jama'a kamar ta ranar ba. Maza sun cika gindin darbejiya, mata sun jeru jikin katanga. Har na fara hamdala a zuci. Sai da na kafe babur na matso na ga kwanukan: ba ko ƙwaya a cikinsu. Wasu ma da buhu suka zo, kuma an riga an ja layi.

A wajenmu, in an ce ka zo taro da kwano, to rabo za a yi. Haka aka saba mana shekara da shekaru, kuma ni da hannuna na sha raba taki a layi irin wannan. Ni ya kamata in fi kowa sani.

Na daure na hau bayani. Ban kai rabi ba wani dattijo ya katse ni.

"Malam, motar tana hanya ne?"

Na ce ba mota. Ba su zage ni ba, da ma sun zage ni da ya fi min sauƙi. Suka kife kwanukansu a ka suka watse suna guna-guni.

A ƙarshen layin mata na hango tsohuwar a tsugune, ita ma tiyarta wayam. Matar gidan da ke kusa ce ta ba ni labari. Ashe Iya ta sussuke zangarniyoyin nan duka, ta cika tiya ta ɗauko a ka. Da ta iso ta ga na kowa ba komai, mata suka hau tsokanarta: "Iya, yau ke za ki ba gwamnati?" Kunya ta kama ta. Ta faɗa gidan, ta tarar ana surfe, ta juye dawar a turmi ta ce a haɗa a yi wa yara tuwo. Ta fito ta bi layi.

Na shiga gidan ba ko cikakkiyar sallama. An riga an surfa, an wanke, an shanya a tabarma.

Na dawo na durƙusa gabanta.

"Iya, ba ko kaɗan da ya rage a gida?"

Ta girgiza kai, ta dubi kwanon da ke hannunta.

"Ɗan nan, da na ga kowa haka, sai na ɗauka ni ce ban ji daidai ba."