Makabartar Misbahu da Geron Zango

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a Daura ya san Misbahu, kuma ya san shi da mita. Tun yana saurayi ya koyo aikin a Kano, ya dawo gida da hannu mai kyau da wata ɗabi'a da ke ba abokan sana'arsa haushi: ba ya yar da komai. Batirin da ya kumbura, sikirin da ya fashe, koren farantin nan na cikin kwamfuta da ya ƙone, duk sai ya ɗaure su a bayan babur ya kai gida. Ɗaki guda ya ware musu, batiran kuma ya binne su cikin yashi a tsohon duro. Masu gyaran layinsu suka raɗa wa ɗakin suna makabartar Misbahu.

Ba hauka ba ce, yana da dalilinsa. A garin nan shara ba ta kwana a bola har abada. Rani na ja baya ake cinna wa bola wuta, manoma su zo da amalanke su kwashe tokar da ruɓaɓɓen su kai gona. Yayansa Usman ma haka yake yi duk shekara. Bolar unguwarsu yake kwashewa zuwa gonar gadonsu da ke hanyar Zango, kuma geron gonar nan shi ke ci da gidajensu biyu.

"Akwai dalma a cikin kayan nan, akwai guba," haka Misbahu ke faɗa wa duk mai gyaran da ya gani yana jifa da batir. "Yau ka zubar, baɗi ka ci abinka a tuwo."

Su kuwa sai dariya. Wani ya ce ya buɗe masallaci kawai ya huta.

Benson, mai sayar musu da kayan gyara, shi kaɗai ke saurarensa. Ya yi alkawarin in motarsa za ta Kano zai kai kayan wurin masu sayen irinsu. Sai dai motar Benson kullum a cike take, kullum sai zuwa na gaba. Haka shekaru suka yi ta tafiya, ɗaki na cika, ran Misbahu na ɓaci.

Ana cikin haka matarsa Zuwaira ta yi haihuwa ta biyu, gwaggonta Adama ta zo daga Mashi don wankan jego. Gwaggo mace ce mai tsafta da kaifin baki, ga shi tana bukatar wurin kwana. Ranar da aka kira Misbahu wani aiki a Kongolam ya kwana biyu can, ta buɗe ɗakin, ta riƙe haɓa, ta yi salati. Kafin la'asar an share shi tas, har da turaren wuta.

Da ya dawo ya ga tabarma shimfiɗe a inda duro yake, sai ya nufi gwaggo.

"Gwaggo, ina kayan da ke nan?"

"Wane kaya, ɗan nan? Tarkace dai. Mai jego da jariri a gida, ka tara mana ƙazanta? Bola na sa aka kai."

Zuwaira ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi na faɗa mata, Baban Hadiyya."

Ba a ɗaga wa suruka murya, don haka ya haɗiye abin da ke bakinsa ya fita da gudu. Bolar ta riga ta zama fili baƙi ƙirin, sai sawun amalanke. Maƙwabta suka ce wutar bana ta yi ta fashe-fashe kamar ana harba bindiga, yara har tafi suka yi. Masu jari-bola sun tsince ƙarafa, Usman kuma ya kwashe sauran.

Ya tarar da yayan nasa a gona ya riga ya baza takin, ana jiran ruwan shuka. Misbahu ya durƙusa ya damƙi ƙasa. Ga narkakkiyar roba, ga gutsuren koren faranti, ga maɓallin kwamfuta ɗaya da harafinsa bai ko goge ba.

"Yaya, don Allah bana a bar gefen nan kada a shuka."

Usman ya dube shi sama da ƙasa. "A bar shi mu ci me? Kai dai Misbahu ba ka rabo da fitina. Toka toka ce."

Kwana da kwanaki ya rufe shago yana bin kunya-kunya da buhu da rariya, yana tsintar abin da ido ke gani. Abin da ya narke ya bi ƙasa kuwa ba shi da yadda zai yi da shi, kuma wannan ne ya fi cin ransa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Abin takaici, damina ta yi albarka, gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ranar da aka tuƙa tuwon sabon hatsi, Usman ya zo gidan da fara'arsa, suka zauna a zaure.

"To malam mai wa'azi, ina gubar?" in ji shi. "Ni dai baɗi ma ka tara mana irin takin nan."

Idon Misbahu na kan Hadiyya, 'yarsa ta fari, wadda ta raɓo ta zauna jikinsa ta sa hannu a kwanonsa. Ta yanko loma, ta dangwali miya. Bai san abin da ke cikin lomar ba, kuma babu wanda zai tambaya ya faɗa masa. Ya buɗe baki zai ce ta ajiye, sai ya tuna duk rumbun babu wani hatsi sai wannan, har wata kakar.

"Baba, ba ka ci?"

Ya yi bismillah, ya sa hannu.