Ranar da Na Rina Gemun Malam

Shekara da shekaru a unguwar Misfala ta Makka maigidana yana tura arabiyya, wato keken da ake ɗaukar gajiyayyun alhazai daga masauki zuwa ƙofar Harami. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka idan wannan aikin ya kuɓuce babu wani da ke jiransa. Duk Alhamis nakan kwaɓa lalle in shafa masa a gemu, ya fita Juma'a da shi jawur.

Wata rana wani alhaji daga Ingila ya zo neman mai tura mahaifiyarsa. Ya dubi Malam, ya girgiza kai, ya faɗi wata kalmar Turanci, ya zaɓi saurayin da ke bayansa. Kafin la'asar samarin layin sun ɗauke ta. "Giza, matsa mana." "Giza, yau ma gwiwar ce?"

Da ya dawo bai ko kalli abinci ba.

"Hajiya, ke da kika yi yaƙi da jahilci, mene ne giza?"

"Haba Malam, Hausa aka koya mana, ita ma da ƙyar."

Washegari na hau mota zuwa unguwar Zahir, gidan 'yarmu. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Ta duba waya ta ce, "Ummi, shayib ne kawai, tsoho. Amma ba tsohon da ake durƙusa wa ba." Ta ce asalin kalmar daga masu ɓad da kama ne, waɗanda ke rufe fuska lokacin biki suna bin gidaje, kamar 'yan tashe. Na rubuta a littafina don kada in manta.

Da na koma gida, rabin bayanin kawai na faɗa wa Malam. Na ce tsoho ake nufi.

Bayan kwana biyu ya shigo da ƙullin baƙin rini. Shi da kullum yake cewa malamai sun hana baƙi, lalle ne sunna.

"Mai jan gemu ba ya samun fasinja, Hajiya. Shafa min."

Na shafa. Ina shafawa ɗaya rabin yana yi mini yawo a kai, na haɗiye shi.

Rinin ya yi aiki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Samari ba su daina kiran Giza ba, amma baƙi suka koma zaɓarsa. Da can 'yan tsofaffin mata marasa nauyi ake ba shi, don tausayi. Yanzu sai ƙarti, ga hawan hanya. Gemu ya koma na ɗan arba'in, gwiwa tana nan a shekarunta. Kafin wata ya cika, a zaune yake salla.

"Kawo lallen nan," ya ce.

"Malam, lalle ba ya kama baƙi. Sai an aske."

Na sa almakashi. Ina yanka, na faɗa masa rabin da na ɓoye. Sai ya yi 'yar dariya.

"Ashe tashe na yi da tsufana."

Bai sake komawa layi ba. Ni ce yanzu nake fita da farantin goro da kuka da kuɓewa busasshiya, in zauna inda 'yan uwanmu ke wucewa. Arabiyyar tana bayan ƙofa, a kanta nake shanya.