Ƙarfen da ya rufe lambar motar Baba

Akwai kwana biyu a rayuwata da ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani ba na jin zai iya kwashe su. Su ne kwanakin da na kai motar mahaifina a sabunta mata takardu da lamba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ita ce gadon da Baba ya bar mana. Da ita nake ɗauko zogale da tumatir daga Jiratawa in kawo kasuwar Maraɗi, kuma da ita muke ci, ni da mahaifiyata da ƴaƴana. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke tuƙa ta tun shekarun Baba na ƙarshe. Ni kuwa ina da wani hali da ba na alfahari da shi, duk abin da ya shafi ofis sai in yi ta ɗaga shi, gobe, jibi, har wuri ya ƙure. Da aka ce masu tsofaffin lambobi su je su sabunta, ga shi katgiris ɗinmu, wato takardar mallakar mota, har lokacin sunan Baba ne a jiki, Kawu ya yi mini magana har bakinsa ya gaji. Sai da jandarmomi, jami'an tsaron nan masu tsare hanya, suka tsare shi a hanyar Jiratawa suka yi masa gargaɗin ƙarshe, sannan na tattara takardun gado muka tafi.

Mun isa ofishin da sassafe ranar wata Talata. Aka duba takardu ɗaya bayan ɗaya, babu wadda aka ƙi, har na fara yi wa Kawu tsiya cewa dama tsoronsa ya yi yawa. Daga nan wani ma'aikaci ya fito da ƴar tocila zai duba lambar shasi, wato lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen ƙasan mota, wadda dole ta zo daidai da ta takarda. Ya durƙusa ya haska, ya kankare laka da makulli, ya sake haskawa. Da ya miƙe sai na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Hajiya, wa ya liƙa ƙarfen ga? An yi walda bisa wurin lamba daidai. Mu nan, in mun ga an rufe lambar shasi, abu guda muke tunani, motar sata."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce masa ubana ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, ya je unguwarmu Zariya, nan cikin Maraɗi, ya tambayi duk wanda ya gani. Mutumin bai biye mini ba, kuma wannan sanyin nasa ya fi tsawa tsorata ni. Ya ce, "Ni ban ce ubanki ya yi sata ba. Mutanen kirki ma ana saida musu." Ya ce mota ba za ta fita daga harabar ba. Ya ba ni zuwa tashin ofis washegari in kawo wanda zai cire ƙarfen a gabansa. Idan lamba ta fito daidai, shi ke nan. Idan babu ita, ko wutar walda ta narka ta, zai miƙa maganar ga jandarmomi, kuma motar da ta shiga hannunsu da irin wannan zargi ba kasafai take dawowa ba.

A bakin ƙofa Kawu ya yi mini bayani. Duk mai ɗaukar kaya a garin nan yana ƙara wa ƙasan motarsa ƙarfe, domin lodin da muke yi mata ba wanda aka ƙera ta dominsa ba ne. Ya ce ya taɓa jin Baba yana cewa a Tibiri aka yi aikin, wurin wani mai walda abokinsa, amma tun kafin shi Kawu ya fara tuƙi.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda har yau nake jin kunyarsa. Ina kan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, zuwa gida sai na tuna Baba yana yawan cewa ya samu motar nan da araha, a hannun wani mutum da ya shigo da ita ta iyaka. Me ya sa araha? Ƙasan mota da faɗinsa, me ya sa sai kan lambar ƙarfen ya sauka? Ni da na gama yi wa ma'aikaci ihu a kan mutuncin ubana, kafin in kai gida na fara tuhumarsa a zuciyata. Mahaifiyata ta tambaye ni ina mota, na ce layi ne ya yi yawa.

Washegari na kama hanyar Tibiri ni kaɗai. Da tambaya na gano tsohon shagonsa, aka ce mini mai waldar ya daɗe da barin aiki, idonsa ya yi rauni. Na same shi a bayan majami'arsu, shi Kirista ne, yana gyaran ƙafar wani benci. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni ɗiyar wa ce. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya ɗaya, ni kuwa idona yana kan inuwa tana ta raguwa. Da na samu na faɗi abin da ya kawo ni, cewa kawai ya yi, "To, ɗiyata, mu tahi." Ya shiga gida ya daɗe, ya fito da guduma da wani guntun ƙarfe mai kaifin baki a cikin buhu. Na ce ba za mu nemi injin yanka ba? Ya ce wannan ya isa.

A cikin tasi na kasa riƙe abin da ke cina. Na ce wa tsohon, "Baba, don Allah ka gaya min gaskiya, mahaifina ne ya ce ka rufe lambar?" Ya juyo ya dube ni, sannan ya mayar da kansa taga. Kau da kan nan na fassara shi yadda tsoro ya so.

Mun isa bayan azahar. Ma'aikacin ya fito, mutanen layi suka zagaye mu, Kawu yana gefe yana jan carbi. Tsohon ya shimfiɗa buhunsa ya kwanta a ƙarƙashin mota. Bai nemi tocila ba, da yatsu ya lalubi wurin. Ya buga kusurwa ɗaya, ya buga ta biyu, ta uku, ta huɗu, sai ga ƙarfe kamar tafin hannu ya faɗo ƙasa. Na leƙa ban ga komai ba sai baƙi ƙirin, na ce a raina shi ke nan, ta ƙone. Ashe man giris ne aka cika wurin da shi. Ya sa tsumma ya goge, lamba ta fito fes kamar ranar aka buga ta. Ma'aikacin ya riƙa karantawa yana duba katgiris, harafi bayan harafi. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Daidai ne, Hajiya. Ki shiga ki cika takardu."

Na zauna daɓas a ƙasa. Tsohon ya fito yana kakkaɓe riga, ya tsaya a kaina, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce lokacin da zai ƙara dogon ƙarfe, Baba ya hana shi taɓa wurin lamba, sai da ya huda taga ya bar ta a buɗe. Bayan damina ɗaya kuma Baba ya dawo ya ce lakar Jiratawa ta fara cin lambar, a yi mata murfi a cika da giris, a ɗiga walda huɗu kawai yadda guduma za ta iya cirewa. "Ya ce wata rana ba shi nan, ɗiyanshi za su je ofis a nemi lambar ga, kar su sha wahala. Kin tambaye ni cikin mota ko shi ya ce in rufe. I, shi ya ce."

Bayan ƴan kwanaki aka ɗaura sabuwar lamba, katgiris ya fito da sunana. Kowa yana yi mini barka, ni kuwa abin da ke raina daban ne. Na koyi zuwa ofis da wuri, wannan ƙarami ne. Babban abin da na koya shi ne kada in bar tsoro ya yanke wa mutum hukunci alhali na san halinsa. Shekara talatin da wani abu na zauna da mahaifina ban ga ya ci haƙƙin kowa ba, amma yini ɗaya na firgita na zarge shi, kuma a kan abin da ya yi domin ya kare ni.