Takin da Baba Ya Zuba a Gonar Gwajina

Abubuwa da yawa sun faru da ni a makaranta waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi da gaske nake gano su. Amma daminar da wani dattijo ya zuba taki a gonar gwajina, wannan kam tana raina har in koma ga Allah.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin noma a Wudil, bincikena kuma a kan masara ne. So nake in gano ko gawayin ɓuntun shinkafa, ɓuntun nan da masu casa ke zubarwa tuli-tuli, zai ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wani abokin mahaifina a Dagumawa, wanda nake kira Baba, ya ba ni aron gefen gonarsa da ke bakin hanya. Na yanka wurin gida-gida, na kafa turaku. Wasu na zuba musu gawayin, wasu kuma na bar su haka nan, ko ƙwayar taki babu. Waɗannan da aka bari su ne ma'auni, da su ake gwada sauran, in babu su aikin duka ya tashi a banza. Sau uku ina yi wa Baba wannan bayani, yana gyaɗa kai yana cewa, "Na ji, 'yata. Allah ya ba da sa'a."

Da masara ta kai gwiwa sai bambanci ya fara fitowa. Wadda aka bari ta yi ja, ta tsumbure, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don abin da nake fata ke nan. Sai aikin awon ƙasa ya riƙe ni a ɗakin gwaji kusan mako uku ban leƙa ba. Ranar da na koma, tun daga kan babur na hango wurin ya yi kore shar daga farko har ƙarshe. Na durƙusa na tona gindin wata masara, sai ga kashin awaki da toka.

Na tarar da Baba yana noma a can ciki. Ko gaisuwar kirki ban iya yi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Baba, wa ya taɓa mini wurin nan?"

Ya dogara da fartanya, ko a jikinsa, ya ce, "Ni ne. Mangala uku na kawo daga gida. Duk wanda zai wuce kasuwa ran Juma'a sai ya tsaya ya ce mini, Malam, lafiya gonarka ta koma haka? Tun ba a haife ki ba nake noma, ba a taɓa nuna gonata da baki ba. Kuma shuka tana jin yunwa a gabana, in zuba mata ido?"

Wallahi raina ya ɓaci. Ni mai saurin baki ce, kowa ya san ni, amma ina zan ɗaga wa sa'an ubana murya? Kuma mutumin nan a ganinsa taimakona ya yi. Na juya na yi kukana a bakin hanya.

Abin da ke gabana a fili yake. In na faɗi gaskiya, sai na jira wata daminar na sake komai daga farko, shekara guda ke nan. Ga wata kwaleji ta yi mini alkawarin aikin koyarwa in har na kawo takardar kammalawa a shekarar. Wata abokiyar karatuna da na gaya wa ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ba da idonki kika ga yadda suke kafin ya zuba ba? Kin san abin da za su bayar. Bayan girbi ki rage alƙaluman waɗanda aka bari ɗin kawai. Wa zai je Dagumawa ya tona gindin masara?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganarta ta shige ni. Mako guda ina yawo da ita, ina ce wa kaina ai ba ƙarya ba ce, gyara ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne da na tuna inda rubutun zai ƙare. Malaman gona za su karanta, su je su ce wa irin su Baba su yi ta jidar ɓuntu suna ƙonawa, a kan lambar da ba daga ƙasa ta fito ba, daga kaina ta fito.

Malamar da ke duba aikina 'yar Filato ce, Kirista, mace mai tsauri da ɗalibai ke kauce wa hanyarta. Na shiga ofishinta na zayyana mata komai, har da shawarar da aka ba ni, ban dai faɗi mai shawarar ba. Da ta ji zancen mangala uku sai da ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan ta ce, "Zauna. Abin da ya same ki tsautsayi ne, kuma tsautsayi ko kuskure ba laifi ba ne a bincike. Laifi shi ne ki rubuta abin da ba ki auna ba, ko ki taɓa abin da kika auna don ya yi miki daɗi, ko ki ɗauki aikin wani ki ce naki ne. Ɓoye abin da ya faru ma yana ciki. Kin san sai kin sake gwajin a wata daminar?"

Na ce, "Na sani, Dakta."

Aikin kwalejin ya wuce ni, aka ba wani. 'Yan ajinmu suka sa rigar kammalawa ina kallo, na yi musu murna a baki, a zuci kuwa abin ya ci ni. Da ruwa ya sake sauka muka mayar da gwajin can bayan gona inda masu wucewa ba sa gani, Baba kuma ya zama shi ne mai gadi, ko jikokinsa ba ya bari su matsa kusa. Sakamakon bai zo yadda na so ba. Gawayin shi kaɗai ɗan abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Haka na rubuta shi, na kuma ware shafi guda na ba da labarin daminar farko ba tare da rage komai ba.

Ranar kare aikin, farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a wannan shafin ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Wa ya tilasta miki rubuta wannan?"

Na ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya rufe kundin ya ce, "To sauran alƙaluman ba sai na tuhume su ba."

Na waiwaya na ga malamata tana murmushi, abin da ban taɓa gani ta yi a bainar jama'a ba. Ranar na ji alfahari irin wanda ban taɓa ji ba, har tafiyata ta canja.

Yanzu ni ma ɗalibai nake dubawa, kuma abin da na koya shi nake gaya musu. A bincike babu mai gadinka, kai kaɗai ka san abin da ma'auni ya nuna. Shekara guda gaskiya ta ci mini, da aiki guda, amma tun daga ranar duk lambar da na sa wa hannu ina iya kallon kowa ido cikin ido a kanta.