Sallamar da Manu Ya Bari a Zaure

A Tamawa an daɗe da sanin Lauratu da abu biyu: ƙuli-ƙulinta mai garɗi, da rashin amsa sallama. Na farkon ita ta nema da hannunta. Na biyun kuwa sanƙarau ne ya bar mata tun tana ƙarama a gidan ubanta a Kurfi, ya tafi da kunnen hagu ɗungurungum, ya bar na dama rabi da rabi. Amma wa ke da lokacin bin diddigin ciwon wani? Mutum zai tsaya a zaure ya rafka sallama, ya sake rafkawa, ya ji shiru alhali yana jiyo lugude daga ciki, sai ya juya yana cewa matar Manu ta fi ƙarfin talaka. Mata suka ɗauki zancen suka kai gidan biki. Har wata tsohuwa ta rantse ta ga Lauratu ta ɗaga kai ta ji sarai, ta yi kunnen uwar shegu. Ƙarya take, Allah ya jiƙanta.

Abin yana cin Lauratu ƙwarai. Ba mai surutu ba ce, ba ta iya bin gida-gida tana bayanin kunnenta ba, sai dai ta sunkuya kan turmi ta yi kukanta.

Mijinta Manu mai gyaran rediyo ne da tocila da cajar waya a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Dogo ne siriri, mai kunya kamar sabon ango, kuma bai iya zubar da ko tsohuwar ƙusa ba. Da safe ya hau babur ya tafi, bayan la'asar ya dawo da ledar tarkace a rataye. Wata rana aka kawo masa matacciyar fitilar sola, irin wadda ke kama da kanta idan mutum ya gifta. Fitilar dai ba ta gyaru ba. Amma ya ciro ɗan farin idon nan nata, mai kama da rabin ƙwan zabo, ya yi ta jujjuya shi a tafin hannu. Ya gane ba gani yake yi ba, ɗumin jikin mai wucewa yake ji.

Damina guda ya kwashe yana fama. Ya nemo ido na biyu, ya ciro abin ɗaukar murya daga wata 'yar tsana, ya sayi tsohuwar lasifika wajen mai tallan magani, ya cusa sauran kayan cikin gwangwanin madara. Ran da ya kafa shi a bangon zaure, ya ja waya har tsakar gida, Lauratu ta riƙe haɓa.

“Malam, mi ne ne wanga kuma?”

“Ɗan aike na samo maki,” in ji Manu. “Ba ya ci, ba ya sha, ba ya gulma.”

Ya kafa shi daidai ƙirjin mutum don kada kaji da awaki su tashe shi. Idanun biyu kuma dabararsa ce: idan na bakin ƙofa ya fara jin ɗumi sannan na ciki, to shigowa ake yi, sai ya yi magana, idan fita ce, ya yi gum. Manu ya fita waje, ya shigo. Sai lasifika ta ɗauka daga saman rumfar girki, da ƙarfin da ko kunnen Lauratu bai isa ya musanta ba. Da farko ɗan gyaran murya, sannan: “Salamu alaikum, masu gida.” A bayan maganar ana jiyo hon ɗin wani Keke Napep, don a shago ya ɗauka, kuma kunya ta hana shi sakewa a gaban maƙwabta.

Lauratu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta amsa.

Tun daga ranar bakin gari ya mutu. Mai sayen ƙuli bai gama cire takalmi ba zai ji “Wa alaikumus salam, a shigo!” Masu cewa girman kai suka koma cewa ai dama su sun san ba halinta ba ne. Wani ya kai ƙara wajen liman cewa Manu ya kawo bidi'a, liman ya ce shi dai bai ga laifin gwangwani ba, amma kada mai shiga ya fake da shi ya bar tasa sallamar. Haka shekaru suka tafi. Suka aurar da 'yarsu ɗaya tilo, Batula, a Kurfi, gidan ya rage daga ita sai shi sai muryar.

Manu bai yi doguwar jinya ba. Ya faɗi a shago da rana, aka kai shi asibiti, washegari aka dawo da shi a kwance.

Babu wanda ya tuna da gwangwanin. Masu ɗauke da gawar suna sa ƙafa a zaure, sai ga gyaran murya daga saman rumfa: “Salamu alaikum, masu gida.” Tsakar gida cike da mata, kowa ta daskare. Wasu suka amsa kafin su ankara da abin da suka yi, sai kuka ya ɓarke sabo. Aka cire asabarin da ke rataye a ƙofar zaure don jama'a su sami hanya, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa, mamacin ne ke yi masa sallama. Wata gwaggon Manu ta ce tsigar jikinta ba za ta ɗauka ba, a tsinke wayar.

Lauratu, wadda tun safe ba a ji bakinta ba, ta ce, “A bar shi.”

Aka bar shi. Jama'a suka watse, Batula ta koma ɗakinta, Lauratu ta shiga takaba ita kaɗai.

Abin ya fara ne wata rana bayan la'asar. Tana zaune tana tsince gyaɗa, sai muryar ta tashi. Ta amsa, ta gyara mayafi, ta jira. Ba wanda ya shigo. Ta leƙa zaure, babu kowa, ko akuya. Ta dawo ta zauna, ta yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Washegari ma haka, a daidai lokacin da babur ɗin Manu kan tsaya a ƙofa. Ran da hadari ya rufe sama gwangwanin bai yi sallamar ba, sai ta tsinci kanta tana jin haushi kamar wadda aka saɓa wa alkawari.

Kada a ɗauka Lauratu ta zautu. Ta yi karatun allo, ta san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma da wata ce ta zo mata da wannan labari da ta ce ta je ta nemi tsari. Amma sani daban, la'asar daban. Tsoron ya gushe, jira ya maye gurbinsa. Tana idar da salla sai ta share tsakar gida, ta ja tabarma kusa da rumfa, ta juya kunnen dama wajen lasifika. Idan ya yi, ta amsa a hankali, wani lokaci ta ƙara da “Sannu da hanya.” Sau ɗaya ta kai ga ɗebo ruwa a kofi kafin ta tuna, ta tsaya da shi a hannu ba ta san inda za ta ajiye ba. Wannan sallama ta zauren da ba kowa ita ce abin da ya rage mata a duniya, kuma ba ta faɗa wa kowa ba, ko Batula.

Gab da fitarta takaba ƙanin Manu ya zo. Ubaidullahi sunansa, a hannun Manu ya koyi riƙon waya, yanzu yana haɗa wa mutane sola a Dutsin-Ma. Da, tsakaninsa da Lauratu sai tsokana irin ta ƙanin miji, ya ce ƙulinta na karya haƙori, ta ce haƙoran ne na rago. Ranar kuwa ya zauna nesa, ya sunkuyar da kai.

“Yaya, magana ce ta kawo ni kan abin zaure. Ranar gaisuwa na ga wani baƙo yana ɗaukar hotonshi da waya. Gobe sai ki ji ana sayar da irinshi da sunan wani.”

“To, mi za a yi?”

“Akwai ofis a Abuja da ke ba mutum takardar shaida cewa ƙirƙira tashi ce, ba mai kwaikwaya sai da izini. Shi idon, Turawa suka yi abinsu. Amma haɗa biyu su bambanta mai shiga da mai fita don sallama, wanga na Yaya Manu ne. Ina so a rubuta da sunanshi. Sai dai dole in tahi da shi, in buɗe, a zana duk abin da ke ciki.”

Ran Lauratu ya ƙi. Amma ta yaya za ta hana a rubuta sunan mutumin da bai taɓa ganin sunansa ko a jikin allon shago ba? Kuma me za ta ce dalilinta? Cewa yayanka yana dawowa bayan la'asar? Kunya ta ɗaure mata harshe, ta faɗi rabin abin da ke ranta.

“Kar dai ka taɓa mani muryar.”

“Wallahi ko gyaran muryar nan ba zan goge ba,” in ji shi.

Ya kwance gwangwanin ya tafi da shi. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya koma yadda yake a zamanin da ake zaginta, sai dai yanzu ba mai zagin. Ta fita takaba cikin wannan shiru, aka yi 'yar sadaka, Batula ta zo ta kwana biyu ta koma.

Ubaidullahi ya cika alkawari. Ya dawo da abin da hantsi, ya mayar da shi gurbinsa, ya fita ya shigo, muryar ta tashi yadda take, har da hon ɗin keken. Lauratu ta juya baya tana share ido da gefen zane. Shi kuwa fuskarsa fal murna, yana ba ta labarin an gama zane, an tura takardu, sai jiran amsa.

“Har wata 'yar matsala na gyara maki,” ya ce yana tattara kayan aiki. “Na lura tun da aka cire asabarin ƙofa, rana na faɗowa kan idanun da yamma. In iska ta kaɗa iccen dogon yaron nan na ƙofar gida, inuwa da zafi su gifta, sai ya ɗauka mutum ne. Ina jin ya sha ba ki tsoro, kika yi shiru. Na yi mashi 'yar rumfa da kwano. Yanzu sai dai in da gaske mutum ne ya shigo.”

Ta dube shi. Yaron kirki ne, tsakani da Allah ya yi, kuma ko kusa bai san abin da ya ɗauke mata ba.

“Allah shi yi maka albarka,” ta ce.

Ranar ta yi la'asar, ta share tsakar gida, ta ja tabarma. Sama tas, ba ko ɗigon gajimare, iska na kaɗa dogon yaro tana ganin kansa ta saman katanga. Ta juya kunnen dama. Inuwar rumfa ta miƙe ta rufe mata ƙafafu, ta wuce ta kai bakin rijiya. Kaji suka fara neman makwanci. Lasifikar na nan sama, ba ta ce komai ba.

Da ma ta san rana ce ko wani abu mai kama da haka. Ba bayanin ne ya yi mata ciwo ba. Ta yi tunanin ta ɗauko wuƙa ta ɓanɓare 'yar rumfar kwanon, sai ta ga ko ta cire, yanzu ta riga ta san sunan mai sallamar, inuwar ganye ce.

Ta tashi ta yafa mayafi. Ta ratsa zaure ta fita, abin bai tanka ba, don ba ya yi wa mai fita magana. Ta tsaya a ƙofar gida, wurin da babur kan tsaya, wata maƙwabciya ta ɗaga mata hannu daga nesa ta ɗaga mata. Sannan ta juyo, ta sa ƙafa a zaure kamar baƙuwa.

Gyaran murya. “Salamu alaikum, masu gida.”

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa. Ai wannan karon ita ce mai shigowa, a madadinta ya yi sallamar, na cikin gida ne ya kamata ya amsa. Lauratu ta tsaya a zaure, ta juya kunnen dama wajen tsakar gida, tana jira.