Lomar da Yaya Nomau Yake Bin Hajo

Shekarar da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama, lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, burodi ya yi ƙaranci har masu shayi suka koma yanka shi kamar suna raba magani. Kowa ya haƙura ya koma wa kunu da masa. Kowa, ban da mutum ɗaya: babanku, yayana, Nomau Kuku na Nasarawa, Allah ya jiƙansa. Ku da kuka tashi a gidan kun san abin da nake nufi. Ranar Alhamis, ana sallame la'asar, sai a ji ƙarar injin niƙa nama, wannan na hannu da yake ɗaurewa a bakin benci. Bayan ƙarar injin sai ƙarar mai injin. Ban taɓa ganin ya juya hannun injin nan ba tare da yana yi wa wani faɗa ba. In babu kowa kusa, injin yake yi wa.

"Juya mana, ɗan banza! Aiki anka kawo ka, ba gyangyaɗi ba!"

Ya yi shekaru yana dafa wa wasu Turawa injiniyoyi da suka zo auna fadamar Rima. Matar babbansu ce ta koya masa abincin, da za su tafi ta bar masa injin. Abin ba wuya. A niƙa tsoka, a soya ta da albasar Augie, a zuba tumatir da tattasai da ɗan ruwan tsamiya, sannan, ku gafarce ni, a barbaɗa sukari. In ya yi kauri a tsaga ƙaramin burodi biyu, a gasa cikinsa a kasko da man shanu, a ɗura naman har ya tumbatsa. Kafin ladan ya kira magariba gida ya ƙoshi. Sunan da Baturiyar take kiran abin bai zauna a bakin kowa ba. Mu dai Ɓata-Riga muke ce masa, a bayan idon mai shi.

Duk mun san dalili. Innarku Kulu tana fama da ciwon baya tun haihuwar auta, tuƙin tuwon gidan nan yana kwantar da ita. Don haka Alhamis ba fashi, sauran ranaku kuma duk ranar da bayan ya tashi sai ka ji injin. Amma kada Allah ya sa ka ce don ita yake yi.

"Don wa? Ni, don macce? Tuwo na ɓata lokaci! A jiƙa, a surfa, a daka, a tankaɗe, a tuƙa, duk don mi? Don mutum shi ci shi yi kwana kamar sa!"

Mahaucinsa, Labbo, shi ya fi kowa shan wuya. Kun san halin mahauta, in sun yanka maka nama sai sun jefa ƙashi a kai, wai gyara. Yaya Nomau ya ce ba ya so, ƙashi yana karya haƙoran injin. Labbo ya ce to. Mako na gaba ya sake jefawa, domin hannu ya saba. Babanku ya karɓi namansa da ƙashin ya wuce gida. Ashe tarawa yake yi a bayan ɗaki. Ran nan sai ga shi a kasuwa da buhu a bayan keke, ƙudaje suna rakiya, ya zazzage shi a kan teburin Labbo a gaban masu saye.

"Kuku, lahiya? Mi ne ne wanga?"

"Gyararka ce. Na aje maka, ko guda ban taɓa ba. Ƙirga!"

Daga ranar, in Labbo ya hango hular Yaya Nomau daga bakin kasuwa, sai ya tura ƙasusuwa ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ni ma ban tsira ba. Wata Alhamis na biya gidan sanye da farar babbar rigata, wadda na sa aka buge don ɗaurin auren wani ɗalibina. Ya zaunar da ni, ya miƙo mini burodin nan yana ɗiga.

"Kama da hannu biyu, Usmanu."

Na ce, "Yaya, da dama aka hore mu mu ci."

"Wa ac ce ka ci da hagu? Hagu ba ci taka yi ba, gadi taka yi!"

Na ce ni dai ban karanta gadi a babin ladubban cin abinci ba. Na yi bismilla, na ɗaga da dama kaɗai, na gatsa ta gaba. Duk abin da ke ciki ya fice ta baya, ya sauka a ƙirjina, ya bi aikin rigar ya gangara har cinya. Ya dube ni, ya dubi rigar.

"To, Malam. Ka samu lada, ka rasa riga."

Kuna dariya ko? Ni har yau in na tuna rigar nan raina ɓaci yake yi. Da aron riga na ɗaura auren, hannunta bai kai mini gwiwar hannu ba.

Amma babban abin shi ne na gwaggonku Hajo. Ita ce babbarmu, ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana sana'ar bandar kifi a Argungu. Su biyun nono ɗaya suka sha, fushi ɗaya suka tsotsa. A wannan shekarar ta tsadar burodi ta zo barkar haihuwa, ta sauka gidana a Gwadangaji. Ba ta taɓa ɗanɗana girkin Yaya Nomau ba, shi kuwa a duniya babu yabon da yake so kamar nata, ko da yake da ya amsa haka gara a yanka shi. Ya zagaye garin nan a keke tun hantsi, ya yi faɗa da duk mai gasa burodin da ya tarar, har ya samo 'yan ƙanana masu kyau na alkama zalla. Ya zaɓi mafi kyau, ya cika, ya jera a langa, ya kawo da kansa har zaurena. Ni na shiga da langar cikin gida.

Yaya Hajo ta buɗe, ta sunsuna, ta dangwala ɗan yatsa ta taɓa harshe.

"Sukari! Usmanu, sukari cikin nama?"

"Yaya, ɗan kaɗan ne."

"Mai da mai kayanai. Ka ce mai mu ba mu cin kwaɓa. Ka ƙara ce mai, namiji da gemu gindin murhu, kunya ta ishe mu har Argungu."

Ku yaran yanzu sai na fassara muku. A wurinmu in kwano ya shigo gidanka da abinci, ko ba ka so, juyewa kake yi, ka wanke, ka sa ko da gyaɗa ce ko goro, ka mayar. Kwano ba ya komawa da abin da ya zo da shi. Wanda ya mayar da shi a haka ya ce ne ba ya son hannun da ya dafa. Na roƙe ta. Na ce ta ba kaji, in sa goro da kaina, ba wanda zai sani. Ta rufe langar, ta ɗora mini a hannu.

Yaya Nomau yana zaure yana gyara zaman hula, yana jiran yabo. Ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, abin da ban saba ji daga gare shi ba:

"Wallahi kihin Hajo ya haramta ga bakina sai ta ci loma guda ta wanga abinci, ta haɗiye, ina kallo. Loma guda nika bin ta."

Kun san kuwa yadda yake son bandar Argungu. Na bi shi gida da littafi, na nuna masa cewa rantsuwar da za ta raba zumunci karya ta ake yi, a yi kaffara, a ciyar da miskinai goma. Ya ce madalla. Alhamis ta gaba ya tara miskinai goma a ƙofar gida, ya ɗura musu Ɓata-Riga har suka tashi da jan ƙirji kamar an yi yanka. Na ce alhamdu lillahi, an warware. Ya ce, "Wa ac ce? Lada tau ce, rantsuwa na nan inda take."

Ita kuma ba ta fasa aiko kifi ba, don ta nuna ita ba ta yi laifi ba. In kwandon ya iso sai ya kwance, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya daɗe a haka har tausayi ya kama ka. Sannan ya ɗaure, ya kai tasha, ya ce a mayar wa mai shi. Ita kuma ta sake aikowa. Kwandon nan ya fi ni sanin hanyar Argungu. Direbobi har wuri suke bar masa kusa da birki.

Mutane suna dariya, ni kuwa ina ƙuna. Tsofaffi biyu, furfura ta cika kai, uwa ɗaya uba ɗaya, sun shekara sun sake shekara ba su ci kwano ɗaya ba, saboda loma! Na yi wa'azi, na yi fushi, na daina zuwa gidajensu duka biyun, na dawo. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada a kira ni in wanke ɗayansu alhali lomar tana tsakani.

Sai Allah ya kawo ciwon. Da damina Yaya Nomau ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hankali garau, baki ya ɗan karkace amma faɗa bai ragu ba. Sai dai ya ƙi ci. Innarku ta ba shi, ya kau da kai, wai shi ba jinjiri ba ne. Na ce masa ya ci da hagu, lalura ce, shari'a ta yarda.

"Da can ka hana, yanzu ka halatta? Kai Usmanu, hukuncinka na bin damina?"

Ya rame har wuyansa ya koma kamar na tulu. Alhamis ta zo ta wuce, gida shiru. Na hau mota na tafi Argungu. Ban roƙi Yaya Hajo ba, na gaji da roƙo. Na ce mata kawai injin ya yi shiru, mai shi kuma ba ya ci. Ta zage ni, ta zagi Nomau, ta zagi Baturiya da duk wanda ya nuna mata hanyar Kabi. Sannan ta ɗauki farin mayafinta na Makka da kwandon kifi, ta riga ni fita.

Mun iso bayan azahar, ranar da Alhamis ta sake zagayowa. Muka tarar da innarku a durƙushe gaban tukunya, hannu ɗaya a muciya, ɗaya dafe da baya, hawaye suna zuba ba ta san suna zuba ba. Yaya Hajo ta tsaya tana kallonta.

"Kulu, tun yaushe?"

"Tun haihuwar auta, Yaya."

Ta dubi ɗakin da Yaya Nomau yake kwance. Ta ce, "Ina injin?"

Aka fito da mai injin kan tabarma, aka jingina shi da bango. Ba gaisuwa, ba ya jiki. Ta ɗaura injin a benci a karkace, shi kuma ya buɗe baki.

"Ba haka ba! Matse! Ke tun da anka haihe ki ba ki taɓa ganin inji ba?"

"Rufa min baki, ni na yaye ka!"

"Albasa ta ƙone! Motsa! Kihi kika ƙonawa, nama ba a ƙona shi!"

Wallahi rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ya faɗi. Da aka zo kan sukari ta ɗebo a cokali, ta tsaya.

"Wanga kuma dole na?"

"Zuba!"

"Allah ka gani, tilas anka yi min." Ta zuba.

Da aka ɗura a burodi ta ɗauki ɗaya, ta juyo gare ni. "Malam, hannu guda ko biyu?" Na ce, "Yaya, ki dai cire mayafin tukuna." Ta harare ni, ta yi bismilla, ta ɗaga da dama. Abin da ya sami rigata ya sami mayafin Makka. Ba ta ko duba ba. Ta tauna, ta tauna, yana kallon maƙogwaronta.

"Ya kinka ji?"

"Bai da daɗi."

"Ba shi nit tambaya ba. Kin haɗiye?"

Ta buɗe masa baki kamar yarinya. "Na haɗiye."

"To kin biya. Ina kihina?"

Ta jawo kwandon, ta zauna gefensa na dama, ta ɓare banda tana sa masa a baki da hannunta, kamar yadda ta yi mana muna ƙanana. Ya ci, ya ci, yana cewa ta cire ƙaya da kyau, ita ba Labbo ba ce. Ni na juya baya ina gyaran hula. Da na waiwayo, burodin da ta ce bai da daɗi ya ƙare, tana lasar yatsa a ɓoye.

Bai kai ganin an yanke mana Jihar Kebbi ba. Da ya gani, da ya sami abin yi wa faɗa. Jan tabon nan bai taɓa fita daga mayafin ba, kuma da shi Yaya Hajo ta zauna zaman makoki, ba wanda ya isa ya ce ta sake.

Ya Allah, bawanka Nomau mai zafin baki ne, amma kai ka san don wa yake hura wuta. Ka sanyaya masa kabarinsa kamar yadda ya hutar da bayan Kulu. Ka jiƙan Hajo da ta bi shi. Ka zaunar da su a kwano ɗaya a gidan da babu rantsuwa, babu fushi. Amin.