Kwalbar da Bature Ya Bari

Maigidana ya yi aikin boyi a barikin Birnin Gwari, wurin wani Bature mai kula da daji. Kullum da yamma shi ke haɗa masa abin sha. Zai zuba giya a tambulan, sannan ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ƙamshin ɓawon lemo ya ɗiga kaɗan a kai. Da aka samu 'yancin kai Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar masa kwalbar da wata tsohuwar hula. Sallamar ke nan.

Muka koma ƙauyenmu Tabanni noma. Mutumin da ya saba da farar riga, fartanya ta ƙi shi, samari suna binsa da dariya. Kwalbar ce ta dawo masa da mutunci. Ya ce maganin ciki ne na Turawa, don ƙarfinsa ne ba a shan sa sai ɗigo-ɗigo. Mai kumburin ciki zai zo, ya ɗiga masa a ruwa, ya sha ya yamutsa fuska don ɗaci, gobe ya dawo da godiya. Har daga ruga ake zuwa da ƙwaryar nono. Ni ma na yarda, har ina yi wa matan unguwa yanga.

Wata damina gudawa ta kama 'yarmu ta fari, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Da safe motar katako ta fito daga daji za ta Kaduna, direban ya ce in hau in kai ta asibiti. Maigida yana gona. Na ce ya tafi abinsa, muna da magani a gida.

Da maigida ya dawo da azahar na miƙa masa kwalbar.

"Maigida, ɗiga mata. Tun safe cikinta ba ya riƙe komai."

Ya karɓa, bai buɗe ba. "Motar katako ta wuce?"

"Tun ɗazu. Ni na sallame ta."

Ya zauna a bakin ƙofa. "Ba magani ba ne," in ji shi. "Don giya ta yi daɗi ake sa shi."

Ya saɓa yarinyar a kafaɗa muka nufi titi a ƙafa. Muka tarar rafi ya kawo, ba halin ƙetarewa. A gaɓar nan ta cika.

Ana zaman makoki, maigida ya shigo cikin gida, sai wata maƙwabciya ta tare shi. Ta ce cutar da ta gagari kwalbar nan ai ta fi ƙarfin likita, sannan ta roƙi ɗigo ɗaya don ɗanta, shi ma ya soma gudawa. Ya sunkuyar da kai, ya ƙi faɗa mata gaskiya. A lokacin na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar, na tsiyaye ta ƙasa a gaban kowa, na ce wa matar ta goya ɗanta ta nemi titi tun rana ba ta yi ba.

Tsakar gidan ya ɗauki ƙamshin lemo, a cikinsa muka ci gaba da karɓar gaisuwa.